Inci Huɗu

Akwasi Bediako ya shigo garejina a Suwame
ranar Laraba, ruwa bai gama ɗiga daga kwano ba,
da jar akori-kura, hancinta na sunsunar ƙasa
kamar tunkiya mai neman kanwa.
Ya ce, "Masta Gado, so nake ta durƙusa.
Inci huɗu. Kada ka ba ni uku."

Na leƙa ƙarƙashi. Wani ya riga ni.
Ya datse sifirin da wutar walda, zobe biyu,
ya karɓi kuɗinsa, ya tafi shan koko.
Tayoyin gaba sun haɗa kai daga sama
kamar maƙwabta masu gulma ta kan katanga,
gefen ciki ya cinye har waya ta leƙo,
gefen waje sabo fil, da gashinsa.

Na ce masa, saukar da mota ba aiki ba ne,
yaron da ya sace iskar taya ma ya saukar.
Amma ƙarafan nan da kake gani cikin baƙin mai,
akwai alkawari tsakaninsu.
Hannun sama gajere, na ƙasa dogo,
sandar sitiyari na bin su sahu ɗaya.
Tare suke ruku'u, tare suke ɗagowa.
In ɗaya ta riga liman,
taya ta taka tudu, mota ta karkata da kanta,
kai kana rantsuwa ba ka juya komai ba.

Ba ni da na'ura mai jan haske irin ta Ankara.
Zaren babana nake da shi, magini ne a Abuwabo,
da dalmar da ke lilo a bakin zaren,
da alli, da daɓen da na zuba da hannuna,
na gwada shi da ruwa a tiyo har ya kwanta.
Dalma ba ta san mai kuɗi ba.
Ƙasa take nunawa, ko wa ke tsaye.

Kwana tara.
Masa'udu na riƙe da zare, ina durƙushe,
gwiwata na kuka kamar robar da ta bushe.
Muka sa sabon sifirin, cikakke, ba yankakke ba,
muka ɗaga mazaunin taya a jikin ƙarfensa
maimakon mu danne motar ta zauna dole.
Ƙarfen juyi muka kishingiɗar baya, digiri biyar,
don taya ta san hanyar dawowa bayan kwana
kamar awakin Asawasi da magariba.
Bakin tayoyin muka tsuke, kaurin fesuwa ashirin.
Akwai wani fallen ƙarfe, bai kai farce ba,
sau shida na cire shi, sau shida na mayar,
har waken da aka sayo mini ya huce a ganye.

Inci uku da rabi. Nan alli ya tsaya.
In na ƙara rabin nan,
kaskon mai zai gaisa da tudun gaban asibitin Tafo,
gaisuwar da ba a yi sau biyu.

Akwasi ya yi Turanci, ya koma Tonanci,
ya ce sidinsa inci huɗu suka saya.
Ban ce komai ba. Mabuɗi na miƙa masa.

A hanyar Ofinso, bayan masu sayar da ayaba,
ya sha kwana, na ce, sassauta hannu.
Ya dube ni. Ya sassauta.
Sitiyari ya zame cikin tafinsa a hankali,
ya dawo tsakiya, ya tsaya.
Muka taka rami, mota ta numfasa, ba ta waiwaya ba.
Ya rage rediyo.

An ce yana faɗa wa abokansa a Bantama
wai inci huɗu cif.
Ban ƙaryata shi ba.
Rabin incin yana nan inda na bar shi,
tsakanin cikin motar da kwalta,
iska na wucewa.

Na naɗe zaren babana a kan dalmarsa,
na ce Masa'udu ya share allin,
gobe akwai wata.